Mayafin da Turaren Wuta Ya Ci

"Ummi! Ya Rabbi, Ummi, ɗaga shi!"

Kafin Sundus ta rugo daga kicin, ɓarna ta riga ta auku. Mayafin raga ne ɗan Indiya, ruwan zuma, mai duwatsu a baki-baki, wanda Hajiya Asma, mahaifiyar angonta Kabir, ta kawo mata don ranar walima. Ummi ta shimfiɗa shi bisa kaskon turaren wuta kamar yadda take yi wa zannuwanta. Raga kuwa ba atamfa ba ce, ɗan zafi take jira. Rami kamar tafin hannu ya buɗe a tsakiya, bakinsa ya ƙanƙance ya yi baƙi.

"Ƙamshi na so ya kama miki," in ji Ummi, tana laluben ramin da yatsu, don idonta ya yi rauni. "Na cuce ki, ɗiyata."

"Halas, ya isa haka, a daina kuka!" Anti Nadiya, ƙanwar Ummi, ta katse su. "Shagunan Indiyawa cike suke a unguwar Aziziya, nan Madina. A sayo irinsa mana — wa zai gane?"

Shekara guda cur Kabir ya yi yana lallashin Hajiya kafin ta yarda ya auri Sundus, don a wurinta 'yan matan da aka haifa a Madina ba su san darajar komai ba. Ranar da ta miƙa mayafin ma sai da ta ja kunne: ba guga, ba turare, a naɗe shi cikin farin yadi.

"A'a, Anti. Ba zan shiga gidan mutane da ƙarya ba."

Da la'asar Sundus ta kai shi gidan Hajiya. Hajiya ta ɗaga mayafin, ta leƙo Sundus ta cikin ramin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni kika ba wa amana, Mama. A hannuna ya lalace."

"Ka gani ko, Kabir? Kwana huɗu! Mayafi ma ya gagare ta riƙo, ina ga ɗan mutum?"

"Mama, don Allah—" Kabir ya fara.

"Rufe min baki! A dakata da maganar walimar nan, sai na yi tunani."

Kalma ɗaya za ta wanke Sundus, amma ta haɗiye ta. Ta san da Ummi za a koma yi a zaurukan mata. Kuka ta yi har ta isa unguwarsu, Harra ta Gabas.

Washegari Ummi ta matsa sai an kai ta gidan Hajiya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Hajiya, ni na ƙona shi. Yarinyar nan tana kicin."

Kunya ta rufe Hajiya Asma. Sannan ta dubi Sundus.

"Kika bari na yi miki wankin babban bargo a gaban Kabir?"

"Uwata ce, Mama."

Hajiya ta jawo mayafin, ta yi masa ninki siri-siri har ramin ya shige ciki, ta ɗora a kafaɗar Sundus. Ta sa ɗan ƙyalle a ƙasa don kada fil ya yaga ragar, sannan ta soke.

"Haka za ki sa shi ranar Alhamis a walima. Ni ma tsufa nake, wata rana zan yi ɓarnar da ta fi wannan. Ina son wadda za ta rufa min asiri."

Sundus ta fashe da kuka a jikinta. Mayafi dai ana saye a shago, amma gaskiya da haƙuri da kare mutuncin uwa, su suka zaunar da ita a gidan Kabir.