Takalmin Jami'in Zaɓe

"Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai."

Kwamanda ya ɗago kai daga wayarsa ya dubi Sufeto kamar bai ji da kyau ba. Rahoton yana kan teburinsa, an buga, an danna hatimi, sa hannun mai bincike kaɗai ya rage. Abin da ke ciki bai fi layi biyar ba: 'yan bindiga sun tare jami'in zaɓe na gunduma a hanyar tsallaken kogi, sun harbe shi, sun tafi da wayarsa.

"Gawar ko gaban likita ba ta kai ba aka buga wannan," in ji ta.

Ya tuɓe tabarau ya murza idanunsa. Ba mugun mutum ba ne, ya gaji ne kawai. Ya ce mata zaɓe saura kwana tara, kuma daga sama ake jiran takardar nan. Da ita hukumar zaɓe za ta yanke ko za a kaɗa ƙuri'a a rumfuna goma sha ɗaya na tsallaken kogi, ko a soke su saboda rashin tsaro. Sannan ya tuna mata cewa sunanta yana cikin masu tafiya kwas ɗin ƙarin girma a wata mai zuwa.

"Waccan takardar kuma ni nake sa mata hannu, Lauya."

Haka suke kiranta a ofis, don shari'a ta karanta a jami'a kafin ta sa kaki, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba.

Yana iya karɓe binciken daga hannunta, amma sai ya rubuta dalili, shi kuwa Kwamanda ya kai inda ya kai ne da rashin rubuta dalili. Ya ba ta kwana uku.

A waje ta tarar da Saje jingine da motar ofis, tsoho mai furfura da ya rage wata bakwai ya yi ritaya. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Kin ƙi ko?"

"Tayar da mota, Saje."

"Ranki ya daɗe, ni fa fanshona nake jira. In za ki faɗa rijiya ki sakar mini riga."

Duk da haka ya tayar. A hanyar asibiti ta tambaye shi abin da ya gani a ƙafar mamacin da safe, lokacin da suka buɗe ƙofar motar jami'in a bakin daji. Ya ce bai ga komai ba. Ta ce abin da take nufi ke nan: babu takalmi. Mutumin yana zaune a kujerar direba da fararen safa, ko ƙura babu a jikinsu. Da ya taka totur da birki tun daga gari, da ƙasan safar ya yi baƙi. Saje ya ce ɓarayin daji har hula suna cirewa. Ta ce to me ya hana su cire agogon da ke hannunsa?

Likita ba ta ɓata musu lokaci ba. Ta juya kan gawar ta nuna musu ƙeya. Faɗuwa a kan wani abu mai kaifin baki ita ta kashe shi, in ji ta, har ta ciro ɓarɓashin gilashi mai kauri daga raunin. Harsashin ƙirji kuwa bayan ya mutu aka harba, shi ya sa rigar ba ta jiƙe da jini ba.

"Za ki rubuta haka?"

"Na riga na rubuta. Sau biyu ana kirana a waya, na ce hannuna na cikin aiki."

Gidan marigayin ɗaki biyu ne da falo a bayan makarantar firamare. Matarsa ta ja Sufeto zuwa ɗakin yara, nesa da masu gaisuwa. Idanunta sun bushe, muryarta ta dushe.

Ta ce makonni biyu ke nan baban yara ba ya cin abinci sosai. Ana matsa masa ya rubuta cewa ba za a iya kai kayan zaɓe tsallaken kogi ba, shi kuma ya je da kansa ya ga ana cin kasuwa, yara na zuwa makaranta. Kowa ya san mutanen can ba sa zaɓen Honorabul, ɗan majalisar da ke neman komawa karo na huɗu. Jiya bayan la'asar aka kira shi a waya, ya ce zai je ya dawo. Bai faɗi inda za shi ba.

Da Sufeto ta tambayi wane takalmi ya sa, matar ta dube ta da mamaki.

"Ai guda ɗaya gare shi, 'yar'uwa. Shan inna ta taɓa shi yana yaro, ƙafar hagu ta fi gajarta. Ƙasan na hagun an ƙara masa kauri kamar yatsa uku. Ba ya iya taku goma babu shi, balle tuƙi."

"Yana cire shi?"

"In zai kwanta, in zai yi salla, ko in zai shiga falon mutane. Ko an ce ya shigo da shi ba ya yarda. Kunya gare shi."

Sufeto ta rufe littafinta. Falon mutane, ta maimaita a ranta.

Da yamma ta tarar da mahaifinta yana ba shukokinsa ruwa a tsakar gida, 'yarta mai shekara biyar tana riƙe masa bakin tiyo. Tsohon ɗan sanda ne, labari ya riga ta isowa. Ya ce shi shekara talatin da biyar yana sa hannu a duk abin da aka miƙo masa, da haka ya kai ta jami'a.

"Shi ya sa nake iya karanta abin da aka miƙo mini, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya ce ta dubi yarinyar nan kafin ta dubi girman kanta. Ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta shiga ɗaki ta tuɓe kaki.

Washegari suka je gidan Honorabul. Shi yana babban birni, amma gidan cike yake da jama'a, fastoci har a jikin bishiya. A bakin babban falo takalma sun fi ɗari, an zube su kan juna, don kowa a nan yake tuɓewa kafin ya taka kafet.

Daraktan kamfen ya karɓe su da fara'a. Ƙato ne mai zobba a yatsu, wayoyi uku a gabansa. Ya yi addu'a ga marigayin, ya ce an yi rashin mutumin kirki, ya ce wannan ya nuna gwamnati ta yi sake da tsallaken kogi.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Ya fi wata guda. A taron hukumar zaɓe."

"Bai zo gidan nan shekaranjiya ba?"

"Me zai kawo jami'in zaɓe gidan ɗan takara, ƙanwata? Ai doka ta hana."

Ta bi falon da kallo. Kafet ɗin sabo ne fil, har yana warin kanti. Kujeru sun kewaye tsakiyar ɗaki, amma babu tebur a wurin, an ajiye musu ruwa a kan ƙaramar kujera. Ta tambayi ina teburin. Ya ce an kai gyara.

A bakin ƙofa maigadi, wani siriri mai jan ido, ya rantse tun kafin ta gama tambaya cewa bai taɓa ganin mutumin ba. Saje ya zauna kusa da shi a benci yana ƙorafin ciwon gwiwa, yana jan sa da hira. Da suka shiga mota ya ce ya samo abu ɗaya: duk ranar taro akan bar takalma biyu ko uku, wani ya sa na wani, wani ya tafi da buguwar alkawari. Abin da ya kwana ba a nema ba, na maigadi ne. Tun zamanin mahaifin Honorabul haka ake yi.

Suka bi masu gyaran takalmi na unguwar ɗaya bayan ɗaya. A rumfa ta huɗu, ƙarƙashin gada, wani dattijo ya ajiye basilla ya jawo leda daga bayan akwatinsa. Baƙin takalmi ne sau ciki, na hagun ya fi na daman tudu.

Ya ce jiya da safe maigadin gidan Honorabul ya kawo, wai a rage ƙasan ya yi daidai da ɗayan, don fatar mai kyau ce. Shi kuma ya kasa sa wuƙa, saboda ya san wanda ya yi wannan aikin don lalura ya yi shi.

Sufeto ba ta koma ofis ba. Kotu ta wuce, ta jira alƙaliya ta tashi daga zama, ta karɓi takardar izinin bincike. Kwamanda ya kira ta sau shida, ta bar wayar tana ruri a cikin jaka.

A rana ta uku da hantsi ta ajiye takalmin a kan bencin maigadi. Mutumin ya dube shi, ya kawar da kai.

"Wallahi ban san nasa ba ne sai daga baya."

"Ta yaya ya fita babu takalmi?"

Ya ce shi dai ya ga shigarsa. Darakta ya sallami kowa, suka rage su biyu. Ya ji hayaniya, ya ji ƙarar fashewar gilashi. Da magariba aka ce ya buɗe ƙofar baya ya koma ɗakinsa. Motar mutumin ta fita, Darakta ne a sitiyari, tasa motar tana biye da direbansa. Da safe yana shara ya tsinci takalmin a cikin ragowar, ya ɗauke kamar yadda ya saba.

A ɗakin janareta Saje ya gano tsohon kafet a naɗe, da ƙafafun tebur, da buhun fasasshen gilashi.

Darakta bai tashi daga kujerarsa ba da suka shigo. Ta jera masa abubuwan a gabansa, ta karanta masa rahoton likita. Ya yi murmushi ya ce ta ba shi minti ɗaya. Ya kira Honorabul, ba a ɗauka ba. Ya sake kira da waya ta biyu. A ta uku wani ya ɗauka ya ce mai girma yana taro, kuma Honorabul ya ce a faɗa wa Darakta shi bai san komai a kan abin da ke faruwa a gidan ba, kwana goma ba ya gari.

Darakta ya ajiye wayar a hankali. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

"Shekara goma sha shida ina ɗaukar masa jaka," ya ce.

"Me ya faru a falon nan?"

"Roƙonsa na yi. Takarda ɗaya ce, ba mu ce ya saci ƙuri'a ba. Ya ce ya je ya gani da idonsa, lafiya lau ake. Ya miƙe zai fita, na riƙo kafaɗarsa na fizgo shi. Ban san ba ya iya tsayuwa da kyau babu takalmin ba. Ya tafi da baya ya faɗa kan teburin." Ya murza zoben yatsansa. "Da na ga ya cika, sai na ce tunda ya ƙi rubutawa da rai, gawarsa ta rubuta. Ni na harbe shi a can, da bindigar gidan."

"Wa ya ce ka kira shi?"

Ya ɗago ya dube ta, ya girgiza kai. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya.

Saje ya ciro ankwa. Zobban suka hana ta shiga da sauƙi, sai da Darakta ya tuɓe su da kansa ya zuba a aljihu. Aka fito da shi ta tsakiyar jama'a. Wasu ma suka juya suna neman takalmansu. Aka ɗauko direbansa a garejin baya, aka haɗa su a mota.

Kwamanda ya karanta sabon rahoton a tsaye, har ƙarshe. Ya ce aiki ya yi kyau. Ya faɗi hakan ba tare da ya dube ta ba.

An yi zaɓe a tsallaken kogi, duk rumfuna goma sha ɗaya. Honorabul ya yi jawabi a rediyo yana yaba wa 'yan sanda, kuma ya koma kujerarsa da ƙuri'un wasu wuraren. Ba a taɓa gayyatarsa ya amsa tambaya ko ɗaya ba.

Kwana biyu bayan zaɓe aka liƙa sunayen masu tafiya kwas, babu nata. Da azahar aka miƙa mata takardar canjin wurin aiki zuwa wani shingen bincike a bakin iyaka, tafiyar kwana biyu a mota. Babu makaranta a wurin, babu asibiti, jami'ai a tanti suke kwana. An ba ta mako ɗaya ta kama aiki.

Saje ne ya kai ta tasha a motarsa. Ya ɗora mata akwati, ya tsaya yana shafa gwiwa.

"Da kin sani, Lauya, da kin sa hannu?"

"A'a."

"To me kika samu?"

Ta dubi mahaifinta a gefen titi, riƙe da hannun yarinyar da ke cikin rigar makaranta, tana ɗaga mata ɗayan hannun don an ce mata jibi za ta dawo.

"Ban samu komai ba, Saje. Na rasa girman da na yi shekara shida ina jira, kuma 'yata za ta koyi karatu ba na nan."

Direba ya danna hon. Ta hau ta zauna kusa da taga.