Masu Dawowa

Da yammacin Juma'a na ɗauki kwamfutata na tafi shagon Kayode mai janareta a Samaru. Kwana uku babu wuta a Hanwa, batirina kuma ya daɗe da mutuwa, sai an jona.

Manhajar raba kujerun mota da na rubuta wa cocinmu ce ke da matsala. A watan Maris mutum goma sha takwas suka tafi taro, ta ce sha bakwai za su dawo. Na yi tsaki na ce kuskure ne. Mijina Martins ne bai dawo da rai ba. Tun daga lokacin nake yawo haka nan, abinci ma sai an tuna mini.

Yau kuma Mama tana cikin motar zumuntar mata, sun taso daga Kafanchan.

Da yaren kwamfuta na Haskell na rubuta manhajar. Malalaci ne na gaske: ba ya lissafa abu sai ka nemi gani, in kuwa ya lissafa, shi ke nan, ba ya canzawa. Na sa breakpoint a layi na arba'in da ɗaya, inda aikin zai tsaya in leƙa cikinsa. Na danna.

Ya tsaya.

Ƙarar janareta ma ta ɗauke, amma fitila na ci. Kiran sallar magariba ya yanke a tsakiyar kalma. Kayode yana bakin ƙofa da ledar ruwa a baki, maƙogwaronsa ba ya motsi. Warin fetur ya ɓace, sai na jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tona yanzun nan.

Ban ji tsoro ba. Na ci gaba da duba variables, wato bayanan tafiyar yau, ɗaya bayan ɗaya. Direba: Bernard. Masu tafiya: 18. Masu dawowa: ɗan layi kawai, alamar ba a lissafa ba tukuna.

Kujerar robar da ke gefena ta yi ƙara. An zauna.

"Jemimah," aka ce a hankali. Muryar Martins ce. "Duba mana. Ba ki so ki sani?"

Ina so. Na rubuta umarnin da zai tilasta masa ya lissafa. Saura in danna maɓallin Enter.

Sai na tuna. A watan Maris ma ni na duba, tun suna hanya. Kafin in duba babu wani sha bakwai.

"Ka duba da kanka," na ce, ban waiwaya ba.



"Sai mai rai ke iyawa," in ji shi.

Hannu ya kama wuyan hannuna, sanyi kamar ƙarfen famfo da asuba. Ya fara danna shi ƙasa.

Yatsana ya sauka.

Na fizge wayar caji da hagu.

Allo ya yi baƙi. Janareta ya dawo, ladan ya ƙarasa kalmarsa, Kayode ya haɗiye ruwansa.

"Madam, lafiya? Kin fasa aikin ne?"

Na tattara kayana. Na hau keke napep zuwa Sabon Gari, na zauna a dakalin coci ina jira.

Motar ta iso. Na sunkuyar da kai don kada in ƙirga.

"Ke Jemimah, kina kallona da kaya? Zo ki karɓa!"

Mama ce. Na karɓi jakar. Sai na ji mata suna buga kujerar baya.

"Bibiana, tashi mun iso. Bibiana!"

Ba ta tashi ba. Tun daga Kaduna suka ɗauka barci take yi. 'Ya'yanta uku.

Na goge manhajar. Yanzu da takarda da biro ake raba kujeru, ba ni kuma nake yi ba. Har yau ban san ko yatsana ya taɓa Enter ba. Abin da na sani shi ne, da na ji sunan da suke kira, daɗi na ji. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji.