Jinyar Sadisu

Inna Luba tana durƙushe a tsakar ɗan gidansu na haya a Takur, tana cuɗa zannuwan gado a baho, sai ta ji sallama. Hantsi ne. Ta baro asibiti ne kawai don ta yi wanki ta dama kunu, ta koma kafin lokacin juya ɗanta Sadisu ya yi.

Gwaggo Maijidda ce ta shigo, ƙanwar Alhaji Ashafa na Yalwawa, mahaifin Safa, yarinyar da aka sa wa Sadisu rana da ita. Bayanta mata biyu ne ɗauke da akwatuna. Inna Luba ta gane akwatunan lefen ne tun kafin a sauke su, don ita ta zaɓo su da hannunta a kasuwar Shuwarin.

"Innar Sadisu, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ku shigo daga ciki mana."

"A'a, a tsaye muke." Gwaggo Maijidda ta kasa haɗa ido da ita. "Yaya Alhaji ne ya aiko ni. Ya ce a ba ku haƙuri. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, amma tunda Allah Ya kawo wannan lamari, gara kowa ya san matsayinsa tun da wuri."

Inna Luba ta tsame hannuwanta daga kumfa, ta goge a zaninta.

"Ita yarinyar ce ta ce ba ta so?"

"Safa? Kwana uku ke nan ba ta sa komai a bakinta ba. Amma magana ta mahaifi ce."

Da suka fita, Inna Luba ta ja akwatunan ɗaya bayan ɗaya ta tura ƙarƙashin gado. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka har kunun da ta ɗora ya kama. Sannan ta wanke fuska, ta sake dama wani, ta kama hanyar asibiti.

Sadisu kafinta ne mai rufin kwano. Tun da aka mayar da Dutse babban birnin jiha gine-gine suka yi yawa, sai ya baro Aujara ya zo ya kama aiki, da ya zauna da gindinsa kuma ya ɗauko mahaifiyarsa, don mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. A daminar 1997, saura wata biyu bikinsa, katako ya karye da shi a saman wani bene, ya faɗo ta baya. A Kano aka yi masa tiyata, aka ɗaure ƙashin bayan da ƙarfe. Bayan sati uku aka dawo da shi asibiti a Dutse ya ci gaba da jinya. Likita bai ɓoye wa Inna Luba komai ba. Ya ce jijiyar ba ta tsinke ba, amma ta matsu ƙwarai; yana iya tashi, yana iya ƙin tashi, babu mai iya rantsuwa.

Ɗakin maza ne, gado ashirin, nas biyu. Inna Luba ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadonsa, nan ne ɗakinta, nan ne masallacinta. An ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, kafaɗa da ƙugu su tafi tare kamar gungume, in ba haka ba ƙarfen zai goce. Aikin mutum uku ne. Kullum sai ta bi gado-gado tana roƙon 'yan jinya su kama mata. Wasu su taso da fara'a, wasu su yi kamar ba su ji ba. Duk da haka sai da gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu. Ita ke wanke shi, ita ke zubar da robar fitsari, ita ke goge masa jiki, shi kuwa ya rufe ido gam har ta gama, saurayi ɗan shekara ashirin da bakwai.

Ranar da ta dawo da kunun nan, tambayarsa ta farko ita ce wadda take tsoro.

"Inna, babu labarin su Safa?"

"Ta aiko da gaisuwa," in ji ta, tana fifita kunun. "Ta ce tana nan tafe."

Haka ta yi ta faɗa masa har kwana goma. Yau ta ce Safa na mura, gobe ta ce an yi baƙi a gidansu. Duk ƙaryar da ta yi sai ta je bayan ɗaki ta yi istigfari. A rana ta goma sha ɗaya, bayan sallar azahar, ya riƙe mata hannu.

"Inna, Safa ba ta aike da baki. Takarda take rubutowa, ko layi biyu ne. Ki gaya mini gaskiya."

Ta gaya masa.

Ya so ya juya mata baya, jikin ya ƙi. Sai ya ja zanin gadon ya rufe fuskarsa, ta ga zanin yana motsi a hankali.

Daga ranar ya daina cin abinci. Mai fiziyo, wato ma'aikacin da ke zuwa motsa masa ƙafafu, ya zo sau uku yana korarsa. Gyambon ya ƙara faɗi, zazzaɓi ya shigo. Nas ta ja Inna Luba gefe ta ce, "Mama, magani ba ya aiki a jikin wanda ya saki kansa. In ya ci gaba haka, ba bayan ne zai kashe shi ba."

Ta koma ta tsuguna a gabansa da kwano.

"Ko cokali uku, Sadisu. Don darajar nonon da ka sha."

"Inna, ki mai da ni Aujara. Na gaji da ganinki kina roƙon mutane saboda ni. Ki kai ni ɗakin Baba ki ajiye, abin da Allah zai yi Ya yi."

"Ni na haife ka, ni zan ce na gaji. Ban ce ba."

"To don me zan tashi? Wa ke jirana?"

Ta so ta ce ni, amma ta san ba wannan amsar yake nema ba. Ta ajiye kwanon, ta ba wa matar da ke jinyar na gadon kusa amanarsa, ta ɗauki mayafinta. Da ƙafa ta tafi Yalwawa cikin rana.

Ta sami Alhaji Ashafa a zaure yana sauraron rediyo. Dattijo ne mai sayar da hatsi, ba a san shi da mugunta ba. Da ya gan ta ya kashe rediyon, ya sa a kawo tabarma. Ba ta hau ba, ta durƙusa a ƙasa.

"Alhaji, ba aure na zo roƙo ba. 'Yarka ce, ka fi kowa iko da ita. Yaron nan kwana biyar bai ci abinci ba. Abin da nake roƙo, a bar ta ta leƙa shi sau ɗaya, ta ce masa sannu. Ko a gaban idonka ne."

"Malama Luba, tashi don Allah." Ya murza carbinsa. "Ni ma uba ne. Yarinyar nan shekararta goma sha tara. In na bar ta ta je, zuciyarta za ta ƙara ɗauruwa, in ya zama bai tashi ba fa? In zuba ido ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗaukar fo? Ki yi mini adalci."

Inna Luba ta san in ita ce uwar yarinyar, haka za ta ce. Hawaye kawai ke zuba. Ta yunƙura za ta tashi, sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa, Safa ta fito. Ta rame har hijabinta ya yi mata yawa. Ta durƙusa kusa da Inna Luba.

"Baba, ban taɓa tsallake maganarka ba, yau ma ba zan tsallake ba. In ka ce kada in je, ba zan je ba. Amma kai ka koya mana cewa duba mara lafiya haƙƙi ne a kan Musulmi. Da a ce maƙwabci ne kawai, da ka je. Ka kai ni da kanka, ka dawo da ni da kanka."

Alhaji ya dubi 'yarsa. Ya ce, "Gobe bayan Juma'a. Minti goma."

Sun iso daidai lokacin juyi. Nas ɗaya tana ɗakin allura, ɗayar ta tafi salla, 'yan jinya maza duk ba su dawo daga masallaci ba. Suka tarar da Inna Luba ita kaɗai, ta cusa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗar ɗanta, ɗaya a ƙugunsa, tana nishi, ta kasa ɗagawa, ta kuma kasa saki. Alhaji ya tsaya cak a bakin ƙofa. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Safa.

"Ina zan kama?"

"Ƙugun, Alhaji. Safa, riƙe ƙafafun, kada su karkace. In na ce bismilla, a tafi tare."

Suka juya shi. Alhaji ya ga tsawon ɗinkin, ya ga gyambon, ya ga tafin hannun Inna Luba da ya tsattsage saboda wanki. Ya tambaya a hankali, "Sau nawa ake yin wannan a rana?"

"Goma sha biyu."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana hamsin da ɗaya."

Ya zauna a kan benci. Safa ta matso ta tsaya ta wajen fuskar Sadisu.

"An ce ka kori mai fiziyo."

"Safa, sori. Ban so ki gan ni haka ba. Ki bi maganar Baba, ki—"

"Ni ba sori na zo karɓa ba. Kai ba ka da siriyos, wallahi. Inna na ta fama, kai ka kwanta ka ce ka gaji? Ni na bar abinci don an raba mu, kai ka bari don me, don ka ƙarasa raba mu?" Ta ɗauki kwanon kunu ta miƙa wa Inna Luba. "Inna, ba shi. Ina tsaye har ya shanye."

Ya shanye, yana sha yana hawaye.

Minti goman nan sai da ya zama awa ɗaya. Da za su tafi, Alhaji ya kira Inna Luba waje.

"Ban yi miki alkawarin aure ba," in ji shi. "Amma ba zan saurari kowa a kanta ba sai bayan babbar salla. Duk Juma'a gwaggonta za ta rako ta. Ni kuma in na taso daga kasuwa da yamma, zan biyo a yi juyi ɗaya da ni."

Bai saɓa ba. Mutanen ɗakin har suka ɗauka shi ne mahaifin mara lafiyar.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Gyambon ya ci wata guda kafin ya rufe. Ranar da aka fara zaunar da Sadisu jiri ya kwashe shi ya suma, Inna Luba ta zaci shi ke nan. Akwai makon da ƙafar dama ta fara jin tsinin allura, akwai makon da komai ya tsaya har ya sake yin fushi da kowa. A wata na biyar aka tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, gumi na tsiyaya, mai fiziyo na gabansa, mahaifiyarsa na bayansa ta riƙe masa ƙugu. Ya ja ƙafar dama ta tafi. Ta hagu ta biyo da ƙyar, tana jan ƙasa. Taku huɗu ya yi. Inna Luba ta zame ta zauna a siminti, ta rufe fuska da mayafi, ba ta iya cewa komai ba sai "Alhamdu lillahi."

Ƙafar hagun ba ta taɓa komawa daidai ba. Sadisu bai sake hawa saman gini ba, da sanda yake tafiya har yau. Ya buɗe 'yar rumfa a bakin titin Takur, yana yin ƙofofi da kujeru daga zaune. Bayan babbar salla Alhaji Ashafa ya tara 'yan'uwansa. Wasu suka ce yaya za a ba gurgu yarinya kamar Safa. Ya ce musu, "Na yi wata huɗu ina shiga ɗakin asibitin nan. Na ga uwar da ta haife shi, na ga irin tarbiyyar gidan. 'Yata ba za ta wulaƙanta a hannunsu ba. Na ba shi."

Ranar da aka kawo amarya, Safa ta durƙusa gaban Inna Luba za ta gaishe ta, tsohuwar ta ɗago ta ta rungume.

"Ke ba suruka ba ce," in ji ta. "Tare muka ɗauke shi."

Masu karatu, lafiya aro ce, kuma ba a sanin masoyi sai ranar da ta tafi. Uwa ta tsaya lokacin da babu tabbas, yarinya ta riƙe soyayyarta ba tare da ta saɓa wa mahaifinta ba, uba kuma ya yarda ya je ya gani da idonsa kafin ya yanke hukuncin ƙarshe. Duk wanda Allah Ya jarrabe shi da jinyar nasa, kada ya yanke ƙauna, kada kuma ya ji kunyar neman taimako. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyayenmu da Aljanna.