Ƙurajen Wuyan Delfina

Akuya ce ta haɗa su. Delfina na tsugune a gindin tsauni da safar hannu, tana tsinkar ganyen ƙaiƙayin nan, poison oak, za ta kai ɗakin adana tsirrai inda take aiki a busar, sai wata baƙar akuya ta fizge reshen ta cinye. Mai akuyar, Orrin, wanda ake ɗauka haya da garkensa su cinye ciyayi kafin lokacin gobarar daji, ya iso yana ba da haƙuri yana danne dariya.

Tun daga ranar, kullum sai garken nan ya ɓata hanya ta inda take.

Shi ganyen ba ya masa komai, amma maiƙonsa na nan manne a rigarsa. Rungumar farko, wuyan Delfina ya feso da ƙuraje. Babanta, tsohon ɗan kwana-kwana, kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya ce shi kam bai yarda da surukin da rungumarsa ma sai an nemi magani ba.

Ana cikin haka Priscila, abokiyar aikinta mai yawan tambayar Orrin, ta zo da irin ƙurajen, a wuya, daidai wurin. Ran Delfina ya ɓaci matuƙa. Priscila ta rantse ko daji ba ta je ba, busassun ganyen da aka adana tun zamanin kakanni kawai ta jera, ta sosa wuya. Wa zai yarda?

Orrin ya turo saƙo: "Tsuntsuwata, kin daina ɗaukar wayata. Me na yi?"

Ta ajiye wayar, rantsuwar Priscila na mata yawo a kai. Sai dai Delfina ba ta iya barin tambaya ta kwana. Ta ɗauko tsohon ganyen, ya bushe ƙayau, ta goga a wuyan hannunta, ta zauna jira.

Da ƙurajen suka feso, ba a taɓa ganin mai murnar ƙaiƙayi irinta ba. Ashe gaskiya Priscila ta faɗa.

Ta rubuta: "Makiyayina, ka yafe min. Ka zo, amma ka sake riga."

Babanta ya daɗe yana kallon hannun bayan ya ji labarin.

"Wadda ta yi wa kanta wannan saboda mutum," ya ce, "ai ta gama magana."

An ɗaura auren a gindin tsaunin, baƙar akuyar na ɗaure can nesa. Tsohon ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a. Sannan ya jawo Orrin ya rungume shi tsam, ko tambayar rigar bai yi ba.