Takalmin Yaya

Ranar da Dogo ya fara ganinta, yana kan benci ne yana jera sabulai a saman kantar shagonsa. Kafin a yi sallama kunnensa ya riga ya gaya masa mutum biyu ne suka shigo. Da ya sauko, mace ɗaya ya gani tsaye, da doguwar riga ruwan toka da ɗan murmushi a gefen baki.

"Ina 'yar rakiyar taki?" ya tambaya yana leƙa ƙofa.

"Ni kaɗai ce. A ba ni mataji biyu, da buroshin haƙori biyu."

"Kala daban-daban?"

"Kala ɗaya."

Ya ɗaure mata a leda, ta fita, ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Takalminta ya lura da shi, na fata ne, ɗinkin hannu, irin wanda ba a samu a kasuwa.

Daga ranar duk abin da ta zo saye biyu ne. Ɗankwali biyu, man shafawa biyu, ko alawa ce biyu. Shi kuwa mai shago, da abin da mutum ke saye yake karanta gidansa, sai Dogo ya yanke cewa matar aure ce, ya kwana yana jin haushin mutumin da bai taɓa gani ba. Da abin ya ishe shi ya ce, "Hajiya Biyu-biyu, maigidan ne ba ya son a bambanta?"

Ta yi dariya har ta rufe baki. "Wane maigida? Na Yayata ne."

Dogo ya washe baki. "To a gaishe min da Yaya. A ce mata ƙaninta na nan tafe."

Dariyar ta ɗauke. Ta dube shi jim kaɗan, sannan ta ce a hankali, "Ta ji."

A ranar ya karɓi lambarta. Auta ake ce mata a gida, ɗinki take koya, babanta kuma shi ne tsohon nan mai ɗinkin takalmi a ƙarshen layi. Ba a ɗau lokaci ba saƙonni suka fara kai da kawo.

"Biyu-biyuna, yau ban ga ƙeyarki ba. Ciniki ya ƙi, lissafi ya ƙi, har canji na ba wani ya wuce. Ki zo ko ashana ce ki saya."

Ta mayar masa: "Dogon banza, kar ka karya jari saboda ni. Zan zo, amma ka tanadi ashana biyu."

Mai kemis ɗin da ke tsallaken titi yana kallon komai. Shi ma ya taɓa nemanta, kuma har yanzu in ta wuce sai ya gyara hula. Wata rana ya tsallako, ya jingina da kanta.

"Kai ma ka faɗa? Na ji kana aika gaisuwa wurin yayarta."

"Laifi ne?"

"Wace yaya? Tagwaye ne, ɗayar ta rasu tun suna ƙanana. Ni na zauna a tsakar gidan nan, mu biyu, aka kawo ruwa kofi uku. Ban ga hannu ba, amma kafin in tashi na ukun ya ragu. Ka ganni nan, da rana tsaka na fita ban ɗaure igiyar takalmi ba."

"Ka dai ce an kore ka," in ji Dogo. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta sauka cikinsa ba, don ya tuna takun nan da yake ji duk sanda ta shigo. Duk da haka bai tambaye ta ba. Saurayi in yana so, abin da zai ɓata masa zance ba ya tambayarsa.

Da lokacin gaida Baba ya yi, Dogo ya shiga kasuwa ya zaɓo mata takalmi mai tsini, ja, a kwalinsa. Ya sa sababbin kaya, ya yi sallama a shagon da ke zauren gidan. Warin fata da gam ya tare shi. Tsohon yana zaune da takalmi a cinya, zare a baki. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan ya tura kwalin gaba.

Baba ya buɗe. Ya daɗe yana kallon ciki.

"Ina ɗayan?"

"Ai ga su nan, Baba, dama da hagu."

"Na ce ina na ɗayar?"

A cikin gida wani abu ya faɗi, kamar an ture kofi. Auta tana tsaye a bakin labule, hannuwanta duka a ƙirji, ba ta riƙe da komai.

"Ka shigo gidan mai takalmi da takalmin kanti, wannan wauta ce, ana yafe ta. Amma ka shigo min da na mutum ɗaya." Tsohon ya tura masa kwalin. "Ɗauki kayanka, yaro. Gidan nan ba a kawo ɗaya, ba a kuma ɗaukar ɗaya."

Kafin Dogo ya isa shago saƙonta ya riga shi.

"Da ka tambaye ni. Ka tafi kawai, ba kai ne na farko ba. Na gode da alherinka."

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. "Zumata, na farkon da ya gudu yana tsallaken titi yana sayar da maganin tari. Ni ba inda za ni. Ƙafata doguwa ce, amma ba ta iya gudu ba."

Ba ta ba shi amsa ba.

Washegari ya rufe shago da hantsi, ya je ya zauna a kan bencin masu jiran gyara. Baba bai dube shi ba. Ya dawo kashegari, ya sake dawowa. In zare ya faɗi ya miƙa, in gam ya bushe ya rufe gwangwanin. Mai kemis yana ta kwashe masa masu sayen sabulu, bai damu ba. Sai wata rana, ba tare da ya ɗago ba, tsohon ya fara magana kamar da takalmin hannunsa yake.

"Ba su iya tafiya ba uwarsu ta rasu. Ɗaya a baya, ɗaya a cinya, haka nake ɗinki. In na goya wannan waccan ta tsala ihu, in na sauya ita ma ta ɗauka. Kitso ma ni nake musu. Ban san na mata ba, sai na riƙa jan layi irin na ɗinkin takalmi. Matan layin nan su yi ta dariya, wai kan 'ya'yana kamar tafin silifa." Ya ɗan murmusa. "Babbar ce ke tare musu faɗa. Ta riƙe ƙugu ta ce, na Babanmu ya fi na kowa daɗewa."

Baba ya ja zare, ya ci gaba.

"Komai sai sun yi rigima a kai. Cokali, kofi, har cinyata. Na gane in ina son zaman lafiya, kome zan kawo in kawo biyu, kala ɗaya, girma ɗaya. Da safe in jera su a kan wannan bencin da kake zaune, in wanke fuska biyu da ruwa ɗaya, in ɗaure igiya huɗu. In sun fita makaranta, takunsu nake saurare har ya ɓace. Auta tana jan ƙafar dama, babbar tana jan ta hagu."

Ya cire zaren daga baki.

"Wata shekara takalmansu suka mutu tare, fatar da ke hannuna ta mutum ɗaya ce. Na gama na ɗaya, na ce gobe zan yi ɗayan. Na zaci za a yi kuka. Sai babbar ta ce, a ba Auta, ni ce Yaya. Ta fita ba takalmi. Ƙusa ce, 'yar ƙarama, mai tsatsa. Ko kuka ba ta yi ba. Bayan 'yan kwanaki haƙoranta suka datse."

Ya tashi ya yaye wani tsohon zane da ke rataye a bango. Kanta ce a baya, takalma jere, daga 'yan mitsi-mitsi har zuwa na budurwa.

"Duk wanda na yi wa Auta, na yi wa Yayarta. Ɗauko ɗaya ka juya."

Dogo ya ɗauko na ƙarshe. Ɗuminsa ya fara ji a tafin hannu, kamar yanzu aka cire shi. Ya juya. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe. Ya ɗauko na kusa da shi, haka. Duk jerin haka.

"Auta ce," in ji Baba, ya rage murya. "Ita ke sa su a ɓoye, tana jan hagu, don in ji sanyi. Ta zaci ban sani ba. Kar ka gaya mata. To ka ce min, yaro, in ka ɗauke ta, wa zai taka min su? Ɗaya kake nema, biyu za ka raba ni da su."

Da la'asar Dogo ya tare ta a hanyar ɗinki. Ta so ta kauce, ya sha gabanta.

"Tambaya ɗaya, Biyu-biyu. Takalman Yaya, wa ke cinye dunduniyarsu?"

Idonta ya ciko. "Baba ne. Da takardar yashin da yake goge fata yake goge su in ba na nan, don ya ji kamar tana raye. Na sani tun ina ƙarama. Don Allah kar ka nuna masa na gane."

"Ke ba ki taɓa sa su ba?"

"Ni? Ko taɓa su ba na iya yi."

Suna tsaye a tsakiyar layi, rana tar, yara na wasa can nesa. A bayan Auta aka ja ƙafa sau ɗaya a kan yashi, aka tsaya. Dogo ya ji, ya kuma ga ita ma ta ji, don kafaɗarta ta ɗan sauka kamar ta wanda aka dafa.

Ƙafarsa ta ce masa gudu. Ya dubi fuskar yarinyar, ya ga tana jiran ya gudun, har ta matsa gefe ta ba shi hanya. Sai ya ce, "Mu je gida."

A zaure ya durƙusa gaban Baba. Bai tona asirin kowa ba.

"Baba, na yi rashin ladabi. Na zo neman ƙanwa ban gaida yayarta ba." Ya juya ya fuskanci kantar. "Yaya, Allah ya kai haske gare ki. Ke kika ba ta takalmi, kin raka ta duk shekarun nan. Ina roƙon ki ba ni ita. Ba zan bar ta ta taka ƙasa ba takalmi ba. Ba kuma zan kai ta inda Baba ba zai ji takunta kullum ba."

Ba iska, amma zanen bangon ya ɗan motsa, ya koma ya kwanta.

Baba ya share ido da bayan hannu. Ya jawo takarda da fensir. "Cire wannan abin da kake kira takalmi. Surukina ba zai shigo min da roba ba. Kai, wannan ƙafa ce ko kwale-kwale?"

Auta ta fashe da dariya tana kuka.

Dogo ya kama ɗaki biyu a layin da ke baya. Baba ya ɗinka wa amarya farin takalmi, ya ɗinka irinsa ya ɗora a kanta. Aka ɗaura aure da safe, mai kemis ma ya zo, a bakin titi dai ya tsaya. Da yamma, da za a tafi da ita, ta riƙe hannun tsohon ta ƙi saki.

"Je ki, Autata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu rigima a kan cinyarku."

Washegari da hantsi ango da amarya suka zo gaisuwa. Suka tarar da Baba zaune, bai fara aiki ba, farin takalmin Yaya a hannunsa. Jar ƙasa ce a tafinsa, irin wadda aka zuba a ƙofar sabon gidansu, ba kuma inda ake samunta a wannan layin. Ya dubi ƙafar Auta, nata na ƙafarta. Ta dube shi. Sun daɗe a haka, uba da 'ya, kowa na karanta fuskar ɗan uwansa.

"A bakin ɗakina na tarar da su," ya ce, "suna kallon ciki. Ta raka ki, ta dawo."

Ya hure ƙurar, ya mayar da su kanta, bai ja zanen ba. Sannan ya dubi Dogo.

"Ɗana, zauna. Auta, kawo mana ruwa."

"Kofi nawa, Baba?"

Dogo ne ya riga shi. "Huɗu, zumata."