Bahaguwa da Kwarashi

A can wani gari, tun zamanin da, an yi wata tsohuwa mai koya wa 'yan mata saƙa gyale mai huji-huji da kwarashi. Cikin ɗalibanta akwai wata yarinya bahaguwa.

Ranar farko yarinyar ta ɗauki kwarashi da hagu. Tsohuwa ta buge hannun, ta ce, "Hagu ba ta saƙa, 'yar nan."

Yarinya ta ce, "Tawa za ta saƙa, Iya."

Kashegari ma haka. Rana ta uku tsohuwa ta fusata, ta ce, "To tashi daga gefena, na daina koya miki!"

Yarinya ta tashi, amma ba ta tafi gida ba. Sai ta zagayo ta zauna gaban tsohuwa, suna fuskantar juna. Ashe daga nan, daman tsohuwa na daidai da hagunta, kamar a madubi. Tsohuwa ta soka kwarashi, ita ma ta soka. Tsohuwa ta jawo zare, ita ma ta jawo.

Bayan wata biyu kowa ta gama nata. Yarinya ta cuɗa gyalenta cikin na sauran, ta ce, "Iya, fitar da na hagu."

Tsohuwa ta juya wannan, ta ɗaga wancan, ta zaro wani mai karkataccen baki, ta ce, "Ga shi! Ai na faɗa."

Sai jikar tsohuwar, wadda ita ma ɗaliba ce, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Kaka, wannan nawa ne."