Ƙusa a Cikin Safa

Akwai wata yarinya a Suleja, 'yar aji biyar, mai yawan tambaya. Ranar da malaminsu ya koya musu darasin maganaɗisu, ta koma gida ta ciro ɗaya daga tsohuwar rediyon babanta. Ta gwada shi da cokali. Ta gwada shi da murfin tukunya. Ta kuma samu wata doguwar ƙusa, kullum tana aljihunta don gwaji.

Kakarta, Inna Azumi, ta daɗe tana fama da ciwon baya. Likita ya ce sai an ɗauki hoton bayan da wata na'ura da ake kira MRI.

"Baba, yaya na'urar take ganin cikin mutum?" in ji yarinyar.

"An ce da wani ƙaton maganaɗisu take aiki," in ji babanta.

Yarinyar ta zaro ido. "Ƙato kamar me? Don Allah a tafi da ni!"

Ranar Asabar da safe suka hau Keke Napep zuwa asibiti. Mai kula da na'urar ta tarbe su. Sunanta Anti Toyin, kuma Hausa a bakinta kamar ta 'yan gari.

Da Inna ta hango na'urar ta taga, sai ta ja da baya. "Wannan ramin za a tura ni? Ni dai sai jikata ta riƙe mini hannu."

Anti Toyin ta yi murmushi. "To, Mama, za ta raka ki. Amma ƙarfe ba ya shiga ɗakin nan, ko allura."

Inna ta cire awarwaro da zobe. Yarinyar ta cire 'yan kunne.

"'Yan mata, saura wani ƙarfe a jikinki?" in ji Anti Toyin.

"Babu," in ji yarinyar.

Amma ƙarya ta yi. Tun a kan benci ta soke ƙusarta a cikin safa. Tana so ta ga ƙarfin maganaɗisun da idonta. Ta ce a ranta, "Ai na'urar shiru take, ba a kunna ba. Zan ɗan gwada kawai."

Suka shiga. Anti Toyin ta sunkuya tana gyara wa Inna filo. Yarinyar ta duƙa, ta zaro ƙusar a hankali.

Fiu! Ƙusar ta fizge daga hannunta. Ta wuce dab da idon Anti Toyin, ta daki na'urar, ƙwas! Ta manne a can, murfin na'urar ya tsage.

"Innalillahi!" in ji Inna.

Anti Toyin ta fitar da su da sauri. Yatsan yarinyar yana jini.

"Ni ce," in ji yarinyar tana kuka. "Na ɓoye ta. Na ɗauka ba a kunna ba."

"Maganaɗisun nan ba a kashe shi," in ji Anti Toyin. "Ko na'urar ta yi shiru, yana nan yana ja. Da ƙusar ta samu idona fa? Da ta samu kan Mama fa?"



Ranar ba a ɗauki hoton ba. Aka ce sai masu gyara sun duba na'urar. Wasu marasa lafiya uku da ke jira ma suka koma gida.

A hanya, duk ramin da Keken ya faɗa, sai Inna ta cije leɓe ta ce, "Wash, bayana!" Yarinyar ta sunkuyar da kai.

A gida babanta ya zaunar da ita. "Son sani ba laifi ba ne," ya ce. "Laifinki biyu. An hana, kin yi. An tambaye ki, kin ɓoye."

Ta durƙusa gaban kakarta. "Inna, ki yafe mini."

"Na yafe, 'yar nan. Amma akwai wadda kika fi tsoratarwa."

Bayan kwana huɗu aka kira su. Yarinyar ta gaida Anti Toyin, ta ba ta haƙuri. Wannan karon a waje ta zauna. Da aka gama, Anti Toyin ta yafito ta.

"Me kike so ki sani? Tambaye ni."

"Maganaɗisun zai iya jan kujera?"

"Har keken marasa lafiya, har tukunyar iskar numfashi. In ya riƙe, ƙarti biyar ba za su ɓamɓare ba."

"To mai ƙarfe a cikin jikinsa fa?"

"Shi ya sa muke tambaya. Dole ya faɗa mana kafin ya shiga."

Sannan ta nuna mata hoton bayan Inna a kwamfuta. Ga ƙasusuwan nan a jere, tsaf. Yarinyar ta ƙirga su da baki, tana dariya.

Likita ya gano inda ciwon yake. Aka ba Inna magani, ta samu sauƙi.

Ranar Litinin yarinyar ta ba 'yan ajinsu labari. Ta ce, "Kada ku shiga da ƙarfe inda aka hana. In an tambaye ku, ku faɗi gaskiya. In kuma kuna son sanin abu, ku tambayi wanda ya sani."